Me ya sa katun ɗin yara ke sa babba hawaye?

Wani magidanci ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya zauna kallon fim ɗin katun da 'ya'yansa, aka zo wani wuri su suna ta ƙyalƙyala dariya, shi kuwa sai ya ji maƙogwaronsa ya cushe, idonsa ya ciko da ƙwalla. Yana so ya san ko zuciyarsa ce ta yi rauni da girma ya zo, ko kuwa akwai wani abu a finafinan nan da bai gani ba lokacin yana yaro. In akwai, yaya mutum zai kalle su ya gane shi, kuma wanne ne bai kamata a kunna wa ƙananan yara ba?

Malam, lafiyarka ƙalau. Wannan ƙwallar da kai aka nufa tun daga lokacin da ake rubuta labarin. Yaro ba ya sayen tikiti, ba ya kai kansa silima, don haka manyan kamfanonin katun sun daɗe da sanin cewa a kowace kujerar yaro akwai babba a gefe. Sai suke gina labarin hawa biyu. Yaro yana bin gudu da tsalle da faɗuwa, kai kuma an ajiye maka wani labarin a ƙarƙashi, na tsoron rasa ɗa, da tsufan iyaye, da burin da hidimar gida ta cinye. Da kana yaro a mazaunin yaron cikin fim ɗin kake zaune. Yanzu ka koma mazaunin uban, kuma daga can abin da ake hangowa daban ne.

Masu yin finafinan ma galibi iyaye ne, kuma daga gidajensu suke ɗebo abin. Pete Docter na kamfanin Pixar ya faro tunanin Inside Out, wanda ya fito a 2015, bayan ya ga 'yarsa mai yawan fara'a ta koma shiru-shiru da ta kai shekara 11. Andrew Stanton, wanda ya yi Finding Nemo a 2003, ya lura da kansa yana yawan hana ɗansa taɓa wannan da hawa wancan har ya ɓata musu yawon da suka fita yi. Shi ya sa yaro ke ganin labarin ɗan kifin da aka sace, uba kuma yake ganin labarin mahaifin da tsoro ya sa ya takura wa ɗansa har ɗan ya yi masa tawaye. A farkon aikin fim ɗin, mutuwar matar uban da ƙwayayenta a gutsure-gutsure aka rarraba ta cikin labarin, ana tuno ta kaɗan-kaɗan. Da aka gwada sai uban ya fito a matsayin mai mita da ban haushi. Aka tattaro abin aka dawo da shi mintunan farko, nan take mai kallo ya fahimci dalilin tsoronsa ya tausaya masa. Magana ɗaya ce, wurin ajiye ta kawai aka canza.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne a katun babu abin da ke faɗowa cikin hoto bisa kuskure. A fim ɗin mutane iska na iya kaɗa labule, ɗan wasa na iya ƙifta ido ba da niyya ba. A katun kuwa sai wani ya zauna ya yanke shawarar kowace ƙiftawa. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, wato fim mai minti 90 yana ɗauke da hotuna 129,600. Mai motsa zane a babban kamfani yakan kwashe mako guda a kan 'yan sakan kaɗan. A Amurka akan fara ɗaukar muryoyi, sannan a gina motsin fuska a kan muryar, har da jan numfashi da rawar leɓe. Fim guda yakan ci shekara huɗu zuwa biyar, kuma mafi yawan wannan lokacin a kan labari yake tafiya: a zana shi da zane na wucin-gadi, a haɗa da murya ta wucin-gadi, a kalla, a rushe, a sake. Inside Out, inda aka mai da motsin zuciyar wata yarinya 'yan wasa masu rai a cikin kanta, ya yi nisa a kan cewa Farin Ciki da Tsoro ne za su ɓace tare, daga baya aka gane labarin ba shi da zuciya sai an haɗa Farin Ciki da Baƙin Ciki, aka warware aikin aka sake ɗauri. Saboda haka duk inda ka ji abu ya taɓa ka, ruwa ba ya tsami banza, akwai hannun da ya shirya shi, kuma ana iya gano inda hannun ya bi.

Misalin da ya fi sauƙin warwarewa shi ne mintuna huɗu da 'yan kai na farkon Up, fim ɗin 2009, inda aka nuna zaman auren Carl da Ellie tun daga ɗaurin aure har rasuwarta ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Duba yadda aka yi. Suna kwance a kan tudu suna kallon gajimare, gajimaren ya riƙa yi musu kama da jarirai. Sai ga su suna fentin ɗakin jariri. Daga nan hoton ya zame zuwa ɗakin likita, amma ba a shigar da mu ciki ba, daga bakin ƙofa muke hango ta ta rufe fuska da tafin hannu. Yaro ɗan shekara shida zai ga mata tana kuka a asibiti, shi ke nan. Wanda ya san gidan da aka yi ɓari, ko aka shekara goma ana jiran haihuwa, ba ya bukatar a yi masa bayani. Tsayawar da aka yi a bakin ƙofa ita ce gwanintar, domin an bar maka wurin da za ka cike da abin da ka sani.

Sai kwalbar asusu. Suna tara kuɗin tafiyar da suka yi wa juna alkawari tun suna yara, tayar mota ta fashe a fasa asusun, ya karye a ƙafa a fasa, itace ya faɗo wa rufin gida a fasa. Ba mugu a labarin, ba wanda ya cuce su, hidima ce kawai irin ta kowa. An nuna wucewar shekaru da abu ɗaya tak: hannunta yana gyara masa ɗamarar wuya kowace safiya, ɗamarar tana canzawa, har aka ɗago fuskokin suka bayyana da furfura. Tudun da a da ita ke riga shi hawa, yanzu shi ne a sama ita ta kasa ƙarasawa. Launi ma yana aiki: kalolin da suka fara da haske suna dusashewa sannu a hankali har su koma toka-toka bayan jana'iza. Carl an zana shi da kusurwoyi kamar akwati, Ellie da zagaye. Kiɗan Michael Giacchino, wanda ya ci kyautar Oscar a kansa, karin sauti ɗaya ne ake juyawa: da farko da kayan kiɗa da yawa cikin nishaɗi, a ƙarshe fiyano kaɗai yana tafiya a hankali. Kunnenka ya riga ya haɗa wannan sautin da ita, shi ya sa duk inda aka sake taɓa shi can cikin fim ɗin sai ka ji ta dawo ko ba a nuna ta ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa fuskar zane ke shiga zuciya fiye da yadda mutum zai zata. Fuskar da aka sauƙaƙa, ido biyu manya da gira da baki, ba ta kama da wani takamaiman mutum, saboda haka kowa na iya ɗora nasa a kai. Tsohon da ke cikin zanen yakan koma mahaifinka cikin sauƙi, abin da fitaccen ɗan wasan da ka san sunansa da labarin aurensa ba zai iya ba. In aka matsa wajen kwaikwayon mutum na gaske kuma, sai abin ya juye. Wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya bayyana haka tun 1970: abin da ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba yakan ba da tsoro maimakon shaƙuwa. Fim ɗin The Polar Express na 2004 ya sha wannan sukar, mutane da yawa sun ce idanun yaran cikinsa kamar babu rai.

Japan tana da tata hanyar, kuma a ganina ta fi nisa wajen amincewa da hankalin mai kallo. My Neighbor Totoro na Hayao Miyazaki, 1988, yara kan ɗauke shi labarin wata ƙatuwar dabbar daji mai laushi da mota mai siffar kyanwa. Kalle shi da idon babba. Uwa tana kwance a asibiti tsawon lokaci, ba a ma faɗi ciwonta ba. Uba malami ne da aiki ya sha masa kai. Babbar 'yar, Satsuki, ita ke haɗa abincin tafiya makaranta, ita ke lallashin ƙanwarta, ita ke goya ta a tashar mota cikin ruwan sama suna jiran uban da ya yi latti. Tana ta daurewa har ranar da saƙo ya zo daga asibiti cewa uwar ba za ta samu zuwa gida ba, sai ta ɓarke da kuka gaban tsohuwar maƙwabciyarsu tana tambayar abin da za su yi in uwar ta mutu. Duk gidan da 'yar fari ta zama uwa tun ba ta isa ba zai gane wannan yarinyar. Mahaifiyar Miyazaki ta yi shekaru tana jinyar tarin fuka na ƙashin baya yana yaro, don haka ba daga sama ya tsinto abin ba. Lura da yadda yake barin lokaci ya tafi ba komai na faruwa: ɗigon ruwa a kan lema, kwaɗo yana wucewa, iska a cikin gona. A waɗannan wuraren ne abin da ya gabata yake samun damar zama a zuciya.

To, yaya za ka kalla? Fara da gyara yadda fim ɗin ke zuwa maka, domin a nan aka fi yin asara. Gutsuren minti biyu da ake yaɗawa a TikTok ko Facebook, an yanko wurin kukan kawai an ɗora masa wani kiɗa, ba zai yi maka komai ba, don nauyin wurin daga minti sittin ɗin da suka gabace shi yake zuwa. Nemi cikakken fim, mai kyan hoto aƙalla 720p (lambar da ke nuna tsabtar hoton bidiyo), wanda ga fim mai awa ɗaya da rabi yakan kai kusan gigabait ɗaya. Kwafin da aka matse ya koma megabait 150 don sauƙin turawa yana dagula duhu ya zama tabo-tabo, yana kashe ƙananan motsin ƙwayar ido, kuma a nan rabin wasan yake. Kada ka ƙara masa sauri. In a waya ne sa abin kunne, lasifikar waya ba ta fitar da ƙananan sautuka. In a sabuwar talabijin ce, shiga saitin hoto ka kashe abin da ke santsantar da motsi, domin yana ƙirƙiro hotunan da mai zanen bai zana ba ya cusa a tsakani. Wannan ya fi ɓata zanen hannu, inda sau da yawa zane 12 ne a sakan, kowanne an riƙe shi sau biyu da gangan.

Batun fassara yana bukatar a faɗi gaskiya. Fassarar Hausa ta buɗe wa mutane da yawa ƙofar finafinan waje, amma irin wadda mai fassara ke cike kowane shiru da barkwanci ko sharhi tana rushe irin waɗannan finafinai. Wurin da aka yi minti huɗu ba magana, in aka ɗora masa surutu, an kashe shi. In ka samu fassarar da ta bar kiɗan asali da shirun asali, riƙe ta. In ba ka samu ba, gara muryar asali ko da ba ka jin kowace kalma, tunda manyan wuraren da hoto suke magana.

Bayan ka kalli fim ɗin gaba ɗaya sau ɗaya ba tare da tsayawa ba, koma wurin da ya taɓa ka, kada ya wuce minti uku zuwa biyar, ka kalle shi sau biyu. Na farko kashe sauti. Duba ido da hannuwa da kafaɗu, duba nisan da ke tsakanin mutanen biyu, duba ko hoton ya matso fuska ko ya ja baya, duba launin da ya rinjaya ka gwada shi da na farkon fim ɗin. Na biyu bar sautin ka kawar da kai daga hoton. Saurari inda kiɗa ya shigo, musamman inda ya ɗauke. Sau da yawa za ka tarar ƙwallar ta zo ne a daidai inda aka yi shiru. Sannan tambayi kanka wane abu ne a wannan wurin aka riga aka nuna maka a baya, wata waƙa, wani hoto a bango, wani abin wasa. Kusan kullum akwai shi, an binne tun farko lokacin da kake dariya ba ka kula ba.

Wannan gwajin ne kuma zai raba maka fim mai zurfi da mai tatsar hawaye da dabara, don ba kowane katun mai sa kuka ne ya cancanci yabo ba. In ka kashe sauti wurin ya zama fanko, kiɗa ne kawai ya ja ka. In jarumi ya mutu, kowa ya yi jugum, bayan minti biyu ya buɗe ido, an karɓi hawayenka ne ba a biya ba, kuma wannan dabarar ta yi yawa a finafinan Amurka. Haka in ana tsakar alhini sai wani abokin barkwanci ya faɗo da wargi cikin sakan biyar, alama ce masu fim ɗin suna tsoron yaro zai gaji. Fim mai gaskiya yakan bar wani abu ya tafi ba ya dawowa. A Toy Story 3 na 2010 yaron ya girma, ya ba da kayan wasansa, ya tafi jami'a, ba a juyo da shi ba.

Inside Out yana da wani ɗan wuri da ya fi ƙarshensa amfani ga uba. Abokin wasan da yarinyar ta ƙirƙira tana ƙarama ya rasa kekensa, ya zauna ya yi tagumi. Farin Ciki ta zo tana yi masa cakulkuli da gatsine don ya tashi su tafi, bai motsa ba. Baƙin Ciki ta zo ta zauna kusa da shi, ta ce masa ta san an raba shi da abin da yake ƙauna, ta bar shi ya ba da labarinsa. Ya yi kukansa, ya share ido, ya miƙe da kansa. Masu fim ɗin sun nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Ekman da Dacher Keltner, kuma wannan wurin yana nuna abin da masu ba da shawara kan alhini suka daɗe suna faɗa: wanda ke cikin baƙin ciki yana bukatar a amsa masa cewa abin da zafi kafin a ce masa ya yi haƙuri. Mu da muka saba da "daina kuka, ai ba komai" muna da abin dubawa a nan.

Game da yara, kada kalmar katun ta ruɗe ka. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2014 ya gwada katun 45 na yara da suka fi kasuwa da finafinan manya na shekarunsu, ya gano cewa manyan 'yan wasan katun sun fi fuskantar mutuwa da kusan ninki biyu da rabi, kuma sau da yawa iyaye ne ke mutuwa. Abin bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya da kishiyar uwa. Bambancin shi ne kaka tana ganin fuskar jikanta ta sassauta murya in ya tsorata, talabijin kuwa ba ta gani. Yadda ake nuna mutuwar ma ya bambanta. A Bambi na 1942, labarin wani ɗan barewa, ƙarar bindiga kawai ake ji, ba a nuna uwar ba, sai ɗan yana yawo cikin dusar ƙanƙara yana kira. A The Lion King na 1994 an nuna gawar uban, ɗan ya shige ƙarƙashin hannunsa ya kwanta, sannan ƙanin uban ya zo ya ɗora masa laifin. Wannan ɗora laifin shi ne abin lura. Yara 'yan ƙasa da shekara shida ko bakwai galibi ba su gama gane cewa mutuwa ba a dawowa daga ita ba, kuma suna saurin ɗaukar cewa abin da suka yi ne ya jawo masifa. In kun zo nan, gaya masa a fili da gajeren zance cewa ƙarya aka yi wa ɗan zakin, ba shi ya kashe babansa ba. Kada ka ce "barci yake yi", don yaron na iya komawa tsoron barci. In ya ga idonka ya yi ja ya tambaya, ce masa wurin ne ya ba ka tausayi, ya isa.

Wasu finafinan kuma ka fara kallonsu kai kaɗai. Coco na 2017 yana da kyakkyawan hoto na tsohuwar da mantuwa ta kama, amma an gina shi a kan bikin matattu na Meziko da yadda suke ɗaukar lahira, don haka gidan Musulmi ko na Kirista zai so ya shirya amsar tambayoyin da za su biyo baya. Kirikou et la Sorcière na Michel Ocelot, 1998, wanda aka ɗebo daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma da kiɗan Youssou N'Dour, yana ɗauke da tambaya mai nauyi, wato me ya sa mayyar ta zama muguwa, kuma amsar ƙaya ce da wasu maza suka soka mata a gadon baya. Sai dai an zana matan ƙauyen ba riga, ka san da wannan kafin ka kunna a falo. Grave of the Fireflies na Isao Takahata, wanda aka fitar rana ɗaya da Totoro a 1988, labarin wani saurayi ne da ƙanwarsa 'yar shekara huɗu bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945, kuma yunwa ce ta kashe su duka biyun. Zanensa mai taushi ne kamar na yara, amma kada a kunna wa wanda bai kai shekara 13 ko 14 ba, shi ma ɗin da babba a kusa.